Kaset Ɗin da Attayib Ya Bari

Mujahid, ranar da ka shigo gida da rigar nan mai hoton koriyar ƙofa a tsakiyar fili, ka kunna kiɗan a wayarka, ka ga na miƙe na bar maka falon, sai ka ce da ƙanwarka Ummi wai Baba ya fara tsufa, ya fara ƙyamar kiɗa. Na ji ka sarai, bangon gidan nan ba shi da kauri. Ba ƙyama ba ce. Na san faifan da ke jikin rigar tun kafin a haife ka, na san shi fiye da wasu littattafan da na ci jarrabawa da su, kuma ni ne na shigar da shi gidan kakarku. Kun tashi kuna jin ana cewa kawunku Attayib ne ya bar wa kakarku Habboba wannan kiɗa a matsayin saƙo. Ba haka aka yi ba. Tunda gwiwoyina sun fara gaya mini gaskiya, gara ni ma in gaya muku tawa.

Na zo Alƙahira daga Funtuwa ina saurayi mai ɗanyen kai, da gemu wanda bai gama yanke shawarar fitowa ba. Mu shida ne a shaƙƙa ɗaya, wato sashen haya a gidan bene, a unguwar Madinat Nasr, duka ɗaliban addini, kuma ni na fi kowa zafi. Ko fito mutum ya yi a banɗaki sai na karanto masa hukunci, har abokai suka laƙaba mini Malam Haramun, ni kuwa ina jin daɗin sunan a ɓoye. A lokacin kaset ne rayuwarmu. Da shi muke ɗaukar karatun malamai, da shi muke aika wa iyayenmu gaisuwa gida, tunda yawancin iyayenmu mata ba sa karanta wasiƙa. Mukan sayi tsofaffi masu arha, mu liƙe ramukan samansu da salatif, mu ɗauki sabon abu a kan tsohon. Babu mai damuwa da rubuta suna a jiki. A kan kantata kaɗai akwai fiye da talatin, duka baƙaƙe, duka iri ɗaya kamar ƙwan zabi.

A wani shagon littattafai a Darrasa na haɗu da Attayib. Ina ta fama da mai shagon da Larabcin littafi, sai na ji an ce a bayana, "Bawan Allah, wannan Larabcin naka ko liman sai ya nemi tafinta." Hausarsa irin ta kakata ce, tsohuwa, da ɗan Larabcin Sudan a gefenta. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa za su Makka, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Bayan rasuwar mahaifinsa ya taho Masar da mahaifiyarsa Hajja Maryama, wadda kuke kira Habboba, da ƙanwarsa Nafisa, wato mahaifiyarku. Suna hawa na uku a wani tsohon gida a Darrasa. Shi kuma yana aiki a wani ofis a Dokki, yana dafa shayi yana kai takardu.

A ɗakinsa na fara jin faifan, wata rana bayan azahar. Wani Bamisire abokin aikinsa ne ya ara masa. Ya ce wasu samari Turawa huɗu ne, wannan ne faifansu na farko, ba a daɗe da fitar da shi ba, amma tuni masu jin kiɗan rok sun haukace a kansa. Jitar tana ƙara kamar ana jan kwanon rufi a kan siminti, sai kuma komai ya ɗauke ɗif, a bar mawaƙin shi kaɗai yana magana kamar daga ƙasan rijiya. Na ce a'uzu billahi, na ce wannan ai kukan aljanu ne. Sannan na zauna har aka gama gefe na farko, aka juya, aka gama na biyu. Ban taɓa jin wani abu ya faɗi kewar da ke cikina kamar wannan hayaniyar ba, kuma na ji kunyar hakan ƙwarai. Attayib ya dube ni yana dariya.

"Malam Haramun, in mayar farko?"

"Mayar," na ce, "don in ƙara tabbatar da haramcinsa."

Bayan wata biyu, wata Talata da hantsi, ya zo Madinat Nasr da 'yar jaka a kafaɗa. Bai yarda ya zauna ba. Ya ciro kaset biyu daga aljihu. Ɗaya faifan nan ne da kwalinsa mai koriyar ƙofa, ɗaya kuma baƙi ne marar suna, da salatif a ramukansa, irin namu sak.

"Wannan ka mayar wa mai shi a Dokki yau. Wannan kuma na yumma ne, mahaifiyata. Tafiya zan yi, Sabi'u. In na tsaya a gabanta ba zan iya fita ba, shi ya sa na yi mata magana a nan. Inda za ni, da wanda za ta nema, da abin da za ta yi, duk suna ciki. Ka bari sai jibi ka kai mata, na yi nisa."

"Ina za ka?"

"Ita za ta fara ji. Kada ka saurara, amana ce."

Ya riƙe hannuna ya ɗan daɗe, ya ce yalla, ya sauka. Ta taga na ga ya shiga mikrobas, ƙaramar motar haya. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ga abin da na yi. Abokan zamana duk sun tafi darasi, ni kaɗai ne a gida, ga faifan a hannuna, da yamma zai koma wurin mai shi. Zuciya ta ce ka kwafi naka mana, wa zai sani? Muna da rikoda mai baki biyu da muke kwafar karatu da ita. Na sa faifan a baki ɗaya, na miƙa hannu kan kanta na ɗauko baƙin kaset na sa a ɗayan. Don kada maƙwabcinmu, wani ɗalibi ɗan Indunusiya mai ganin girmana, ya ji abin da Malam Haramun yake yi, sai na murɗe muryar gaba ɗaya har ƙasa. Na danna, na tsaya a bakin ƙofa ina gadi kamar ɓarawon kaza. Da gefe na farko ya ƙare na koma na tsayar. Sai na mayar da baƙin kaset ɗin baya kaɗan, na ce bari in ɗan ɗaga murya in ji ko ya ɗauka da kyau. Waƙa ta biyar ta zo ƙarshe, jitar ta mutu, aka yi shiru. Sai na ji an yi gyaran murya, sannan muryar Attayib ta fito, a natse, kamar yana tsaye a bayana.

"...to shi ke nan, yumma. Abin da na roƙe ki ke nan. Ki yi shi, kada ki jinkirta. Ki gaishe da Nafisa. Ki yafe mini."

Kaset ɗin ya ƙare, maɓallin ya yi tsalle. A kan kanta na ajiye amanarsa lokacin da na raka shi bakin matakala, cikin 'yan'uwanta baƙaƙe, kuma ita hannuna ya ɗauko. Na juya ɗaya gefen, babu komai sai wani tsohon wa'azi. Maganar kusan rabin sa'a ya yi wa uwarsa, na binne ta a ƙarƙashin jitar Turawa, saura wannan ɗan wutsiyar.

Kwana biyu ina shirya yadda zan faɗa mata. Na rantse muku na hau matakalar nan ta Darrasa da niyyar faɗin gaskiya. Na same ta bayan la'asar tana soya bunni, ƙwayar gahawar da 'yan Sudan ke kira jabana, idanunta sun kumbura, kwana biyu ɗanta bai kwana gida ba. Nafisa tana tsaye a bakin kicin. Na durƙusa na gaishe ta, na ce Attayib ya yi tafiya, ya bar saƙo. Ta goge hannu, ta sa kaset ɗin da kanta. Jitar ta fashe a ɗakin. Ba ta ko motsa ba. Ta saurari waƙoƙi biyar ɗin nan kamar mai sauraron huɗuba, har muryarsa ta zo ta wuce. Sannan ta juyo.

"Ya waladi, ɗana, haka ya ba ka shi?"

A nan ne zan ce a'a. Amma faɗin gaskiya yana nufin in ce ni, mai hana mutane fito, na goge wasiyyar ɗanta don in saci kiɗa. Na tuna sunana a bakin ɗalibai, na tuna Nafisa tana kallo. Na ce a raina ai zai rubuto wasiƙa nan da wata guda, magana ta mutu.

"Haka ya ba ni, Hajja."

Ta gyaɗa kai a hankali. "To ya ce abin da ya roƙe ni ke nan. Ke nan roƙon yana cikin waƙar. Ku 'yan Najeriya kuna jin Turanci. Zauna ka fassara mini."

Haka na zama tafintan kiɗan rok a gidan tsohuwa mai carbi. Duk Alhamis bayan la'asar ina zuwa, ta zuba mini jabana, mu sa kaset, in tsayar, in faɗa mata abin da aka ce, in mayar baya. Yawancin kalaman ba su da kai ba su da gindi, ruwa ne da bango da mutum da ya kasa barci. Amma a waƙa ta uku mawaƙin yana cewa a bar masa ƙofa a buɗe. Abin da ya biyo baya shi ne wai don babu sauran abin da ɓarawo zai ɗauka a gidan. Wannan rabin na haɗiye shi, na ga ya yi ɗaci da yawa ga uwa. Na ce mata, "Ya ce a bar ƙofa a buɗe." Ta ajiye finjalinta ta ce alhamdu lillahi, khalas, ta gane. Ta tashi ta ɗauko ƙaramin turmin da take daka bunni, ta buɗe ƙofar shaƙƙar, ta tokare ta da shi. Kun san turmin, kun sha tuntuɓe da shi kuna yara. Daga asuba zuwa isha'i ƙofar nan ba ta ƙara rufuwa ba, shekara ashirin da shida.

Wasiƙa ba ta zo ba. Na bi duk inda zan bi, ofishinsu a Dokki, tashoshin mota, wuraren shan shayin 'yan Sudan. Wani ya ce ya ji yana zancen Libiya, wani ya ce jirgin ruwa, wani ya ce ai kudu ya yi. Kowa da nasa, babu mai tabbas. Wanda ya san inda za shi da wanda za a nema kaset ne kawai, ni kuma na toshe masa baki. A shekara ta biyu ƙanin Hajja ya aiko daga Sudan su koma gida, ya samo wa Nafisa gurbi a makarantar koyon aikin jinya, abin da take mafarki tun tana ƙarama. Na ji su ta wannan buɗaɗɗiyar ƙofar ina hawowa.

"Yumma, in ya dawo ai zai tambayi maƙwabta, za su faɗa masa inda muke."

"Bai ce maƙwabta ba. Ƙofa ya ce."

Nafisa ba ta tafi ba, ba za ta bar uwarta ita kaɗai ba. Ta koma yi wa amare lalle, shi ne sana'arta har yau. Duk ranar da kuka ga tana ɗaure wa wani rauni da wannan ƙwarewar tata, ku sani ni na tsaya tsakaninta da farar riga. Daga baya bangon gidan ya tsage, maƙwabta suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya, hawa na biyu ya zama kango, Hajja ta ce ko rufin zai faɗo mata ba ta motsawa. Ni kuma zuwan Alhamis ya zama zuwan kullum, har aka ba ni Nafisa. Mutane suka yi ta yabona, wai ga ɗan halak, ya riƙe gidan abokinsa. Duk yabon da aka yi mini sai in ji kamar an ɗora mini bulo a ƙirji. Ina son mahaifiyarku, wannan ba ƙarya ba ne, amma ta ƙofar ƙarya na shigo na same ta.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Wajen shekara ta biyar Hajja ta fara cewa tana jin Attayib a ƙarƙashin kiɗan. Na ɗauka tsufa ne da kewa. Wata rana ta kama hannuna ta ce in matso da kunne. A wurin da jita take ɗaukewa a waƙa ta biyu, can ƙasa, akwai wani gunaguni, kamar mutum yana magana a ɗakin da ke maƙwabtaka. Ba a jin kalma, amma hawa da saukar muryar nasa ne. Na janye kunnena da sauri. Na je wurin wani mai gyaran rediyo a Ataba na yi masa tambaya a kaikaice. Ya ce ma'alish, wannan ba komai ba ne, in rikoda ta tsufa ba ta goge tsohon abu tas, sai a riƙa jin inuwarsa. Na karɓi bayaninsa hannu biyu. Abin da bai bayyana mini ba shi ne dalilin da ya sa kiɗan yake dusashewa shekara bayan shekara, muryar kuma tana ƙara matsowa. Akwai la'asar ɗin da nake zaune ni kaɗai a falon, kaset yana juyawa, na ji an hawo matakala a hankali, an tsaya daidai bakin turmin. Na leƙa, babu kowa sai hasken rana a kan tsagaggen bango. Hajja ta fito daga ɗaki ta ce, "Ka ji shi kai ma?" Na ce iska ce. Ta ce, "To."

A ciwonta na ƙarshe, ku kuna makaranta, Nafisa ta sauka sayo magani. Hantsi ne, rana ta shigo har kan gadon. Ta ce in sa mata kaset. Muka saurara tare har wutsiyar, har "ki yafe mini". Tun da na auri 'yarta ba ta ƙara kama sunana ba, Malam take ce mini.

"Malam, na ji abin da ya ce. Tun bara na gama jinsa duka."

Na matso kusa da gadon. "Me ya ce, Inna?"

"Saƙona ne. Ba kai aka aiko wa ba."

Ta mayar da idonta kan ƙofa. Sannan ta ce, ba tare da fushi ba, kamar mai ba da labarin kasuwa:

"Amma ya yi zancenka. Ya ce ka murɗe muryar har ƙasa don kada maƙwabcinku ya ji."

Babu mahaluƙin da ya san wannan. Ni kaɗai ne a ɗakin nan na Madinat Nasr, ban faɗa wa aboki ba, ban faɗa wa matata ba, ko a addu'a ban taɓa furta shi da baki ba. Na zame daga kujera na durƙusa, na fara cewa Inna ki yafe mini, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Ni na yafe tun tuni. Ba ni ka hana tafiya ba."

Bayan kwana huɗu ta rasu. Na yi ta juya maganar a raina. Wataƙila ta gane tun ranar farko, ta ƙiyasta sauran, tunda mace ce mai kaifin hankali. Haka nake gaya wa kaina in ina son in ci abinci.

Mujahid, ka nuna mini a wayarka yadda ake ta rubutu a kan faifan nan, wai har yau babu kamarsa, wai samarin sun yi wasu bayansa amma ba su ƙara kamo ƙafar na farkon ba, wai yaran da ba a haifa ba lokacin su ne suka fi riƙe shi yanzu. Ban yi mamaki ba. Mutanen da ba su san za a saurare su ba ne suka yi shi, shi ya sa ba su ɓoye komai ba, kuma duk mai wani abu a binne zai ji kamar da shi ake. Amma ranar da ka sa shi a falo, tsaf, babu ƙura babu gunaguni, na zauna ina ƙirga waƙoƙin ba da sona ba. Ta biyar ta ƙare. A wayarka ta shida takan biyo nan take. Ni kuwa a tsakaninsu na ji an yi gyaran murya. Na dubi fuskarka, ba ka ji komai ba, kana ta kaɗa ƙafa. Dalilin da ya sa na tashi na fita ke nan.

Kaset ɗin yana cikin akwatin Habboba, a naɗe cikin mayafinta, turmin yana gefensa. Ban ƙara sa shi ba tun ranar nan, ina tsoron yanzu zan ji kalmomin. Ku kuna iya saurara in kuna so, kawunku ne. Amma ba ku za ku fara karanta wannan rubutun ba. Habboba ta gaya mini wanda na hana tafiya. Mahaifiyarku ce, ga ta can a falo tana kwaɓa lalle, tana ɗan waƙa ƙasa ƙasa, kuma waƙa ta uku ce, ta haddace ta ba tare da ta san rabin da na haɗiye ba. In na ajiye alƙalamin nan, wurinta zan kai shi.